Allurar Guba a Mafitsara da Doguwar Hanyar da Ke Tsakaninta da Beli

Mafitsarar babban mutum mai lafiya kan riƙe fitsari kimanin cikin ledar fiya-wata guda, wato mililita 400 zuwa 500, kafin ta matsa wa mai ita. Shi ya sa yawancinmu ba ma wuce kewayawa sau 6 zuwa 8 a wuni, da dare kuma sau ɗaya ko babu. Amma akwai bayin Allah da fitsari ba ya ko cika kofin shayi mara ta ɗauki zugi. Su tashi su kewaya, zugin ya lafa, kafin rabin awa ya dawo. Wanda abin ya tsananta masa yana iya zuwa banɗaki sau 40 a wuni, wani ma fiye. A kai fitsarin gwaji a ce ba a ga ƙwayar cuta ba. A sha magani, a yi allura, shiru kake ji.

Likitocin Turai da Amurka sun daɗe da sanin wannan lalura. Alexander Skene na birnin Niyok ne ya raɗa mata suna intastishiyal sistaitis a 1887, sannan Guy Hunner na asibitin Johns Hopkins ya bayyana wasu jajayen gyambuna da ya gani a bangon mafitsarar wasu mata wajen 1915. A yau an fi ce mata ciwon zugin mafitsara kawai. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta gindaya sharaɗi: zugi ko nauyi a mafitsara haɗe da yawan fitsari, wanda ya wuce mako 6, ba tare da an sami ƙwayar cuta ko wani sanannen dalili ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa kashi 2.7 zuwa 6.5 cikin ɗari na matan Amurka suna da alamunta. Maza ma na kamuwa, sai dai mata sun fi yawa.

A cikin shekaru ashirin ɗin nan an sami wani magani da ya ɗauki hankali: a tsira wa mafitsara Botox, allurar nan da matan birni suka sani da goge tamoji a goshi. Tana aiki, ga wasu, na ɗan lokaci. Amma kafin matar Beli ko Zarewa ko Fulatan, a ƙasar Rogo ta Jihar Kano, ta fara tambayar inda ake yin ta, akwai ƙarshen wancan sharaɗi da ya kamata a sake karantawa: ba tare da wani sanannen dalili ba. A ƙasar Rogo da Ƙaraye sanannun dalilan da ke sa mafitsara zugi suna da yawa, kuma yawancin masu ciwon ba a taɓa bincika musu ko ɗaya daga ciki ba.

Komai sanyi ne

Yadda abin ke farawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ba kasafai matar ke zuwa kyamis da ƙafarta ba. Ko ta aiki yaro, ko ta faɗa wa maigida a gurguje yana sa takalmi. Saƙon da ke isa ga mai shago bai wuce ciwon mara da zafin fitsari ba. Shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi. "Sanyi ne, Baba. Ka ce wa Hajiya ta sha wannan safe da yamma, kai ma ka sha, in ba haka ba dawowa zai yi." A ƙulle Cipro da Flagyl a leda, a ƙara da ja-da-yalo, in aljihu da nauyi a haɗa da allurar jenta ta kwana biyar. Ranar kasuwa kuma ga mai lasifika da jarkokinsa, yana lissafa alamun sanyi tun daga ciwon kai har kaushin ƙafa, ta yadda babu mai wucewa bai ji an taɓo shi ba.

A yi wa mai kyamis adalci: mafi yawan zafin fitsarin mata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma sau da yawa cankensa na dacewa. Matsalar tana ga wadda ba ta warke ba. Ita ce za a sake ba ta maganin nan dai, sannan wanda ya fi shi tsada, wata shida, shekara biyu. Ƙa'idar likitocin Amurka ta fito fili ta hana ba mai wannan ciwo antibayotik na dogon lokaci, domin babu abin da zai kashe, sai dai ya horar da ƙwayoyin cutar jikinta su daina jin magani, ranar da sanyin gaske ya zo a rasa abin ba ta.

Kuma ciwon ba a mara yake tsayawa ba. Da yawa daga masu shi na jin zafi lokacin kwanciyar aure, wani sa'in har kwana biyu bayan nan. A gidan da ake da abokiyar zama, nan da nan magana ta juya: wa ya kawo, wa ya shafa wa wa, wa ke gudun miji. Macen da ke tashi sau goma cikin dare ba ta barci, da safe ga girki ga raino, alwala ba ta zama, zuwa biki ko gaisuwar mutuwa ya zama lissafin inda banɗaki yake. Tun tana faɗa har ta yi shiru, don ta gaji da jin "ai an gwada an ce lafiyarki ƙalau".

Daga nan ne wasu kan faɗa hannun wanzami ko ungozoma a yi musu yankan gishiri, wanda aka saba yi saboda wahalar fitsari da zafin saduwa da doguwar naƙuda. Bangon gaban farji da mafitsara a manne suke, aska kuwa ba ta da ido. Binciken da likita Tahzib ya wallafa a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin koyarwa na Zariya ya nuna kashi 13 cikin ɗari yankan gishiri ne ya huda su. An je neman sauƙin zugi, an ƙare da yoyon fitsari a sashen Laure na asibitin Murtala ko a Babbar Ruga ta Katsina.

Ruwan da aka yi wanka da shi tun ana yara

Babban abin da ya raba mafitsarar ɗan Beli da ta ɗan Landan shi ne tsargiya. Wannan yanki ƙasar fadama ce da rake da noman rani. Ga Dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye, ga na Kusalla, ga kududdufai da ƙoramu da yara ke wuni a ciki da zafin bazara, mata na wanki a gefe. Ruwa kwantacce shi ne gidan ƙananan katantanwar da ke rainon tsutsar tsargiya. Tsutsar ta huda fata, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru. Wasu ƙwayayen su fita da fitsari, su ne ke kawo ɗigon jinin nan na ƙarshen fitsari da har yanzu wasu iyaye ke ɗauka alamar balagar yaro ce. Sauran su maƙale a bangon mafitsara.

Ba yau aka san haka ba. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira tun 1851, kuma a shekarun 1970 masu bincike sun yi shekaru suna bin diddigin tsargiya a ƙauyukan Malumfashi, nan maƙwabta. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke biyo baya in an girma. Jinin kan ɗauke, a ɗauka an warke, alhali ƙwayayen da suka maƙale sun sa bangon ya yi kauri, ya yi tabo, wani lokaci har ya ƙanƙance ya daina miƙewa. Mai irin wannan mafitsara zai zo da zugin mara da yawan fitsari, gwajin ƙwayar cuta kuma ya fito fes. Wato alamu iri ɗaya sak da na ciwon da muke magana. Ga mata kuma ƙwan kan sauka a mahaifa da farji, ya kawo ƙaiƙayi da ruwa da zafin saduwa, a sake cewa sanyi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Tsohuwar tsargiya na jawo kansar mafitsara. Nazarin da likitocin Kano suka wallafa a 2003, da na Mungadi da Malami na Sakkwato a 2007, duk sun nuna fiye da rabin kansar mafitsarar da ake gani a wannan shiyya irin wadda ke bin tsargiya ce, saɓanin Turai inda taba sigari ce kan gaba. Allurar da za ta kashe zugi a mafitsarar da kansa ke tsirowa a ciki ba taimako ba ce, ɓata lokaci ne mai tsada.

Gwajin tsargiya ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: fitsarin da aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai ya fi fita, da madubin likita. Maganinta firazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya, kuma shi ne ake raba wa 'yan makaranta kyauta. Bayan ita sai a duba tarin fuka, wanda kan sauka a ƙoda da mafitsara ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba. Sai tsakuwar mafitsara. Sai ciwon suga. Ga maza kuma kumburin furostet da tsukewar hanyar fitsari bayan tsohon ciwon sanyi. Wasu daga cikin gwaje-gwajen nan ana iya fara su a babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye. Leƙa cikin mafitsara da na'ura mai kyamara kuwa sai an dangana da inda likitocin mafitsara suke: asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko cibiyar Abubakar Imam da ke cikin birni, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Daga Beli zuwa Kano tafiya ce ta fiye da kilomita 100.

In an tace duk waɗannan aka ga babu, sannan ne ake da ikon cewa wannan ciwon zugin mafitsara ne. Har yau masana ba su haɗu a kan musabbabinsa ba. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa siririn rufin da ke hana fitsari taɓa naman mafitsara ya lalace, sai gishirin da ke cikin fitsarin ya riƙa ratsawa yana taɓa jijiyoyi, kamar mai tsagar yatsa da aka sa yankan attaruhu. Da tafiya ta yi tafiya jijiyoyin kansu sukan zama masu saurin tunzura, su riƙa kai rahoton zafi ko da abin da ya taɓa su bai taka kara ya karya ba. Kashi kaɗan na masu ciwon, wajen 5 zuwa 10 cikin ɗari a ƙididdigar Amurka, su ne ke da gyambunan Hunner, kuma su nasu maganin daban ne: a ƙona gyambon ko a yi masa allurar rage kumburi ta cikin na'ura.

Matakan farko ba su da tsada. A lura da abin da ke tayar da ciwon: shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba, lemon tsami, tumatir, barkono. Goro ma na ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi. Gaya wa mutumin Rogo ya rage yaji da tumatir ba ƙaramar magana ba ce, amma ba a ce a bar su har abada ba. A ɗauke su mako biyu, a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne mai laifin. Rage shan ruwa don gudun fitsari kuwa ƙara ta'azzara zugin yake yi, saboda fitsarin na daɗa kauri. Akwai gashin tsokokin ƙugu da ƙwararrun gashi na asibiti ke yi, wanda a wani gwaji na 2012 ya taimaki kashi 59 cikin ɗari na matan da aka yi wa, a kan kashi 26 na waɗanda aka yi wa tausa ta gama-gari. Akwai amitiriftilin, ƙwaya mai araha da ake fara sha kaɗan da dare. Wasu da sun ji ana ba masu ciwon damuwa ita sai ransu ya ɓaci, su ce likita ya haɗa su da Dawanau, alhali a ƙaramin awo aikinta kwantar da jijiyar zafi ne da sa barci. Elmiron, ƙwayar da Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a 1996, tana da tsada, kuma tun 2018 aka gano tana iya lalata ganin wanda ya daɗe yana sha.

Gubar da ta zama magani

Botox guba ce ta gaske, tana cikin mafi ƙarfi da aka sani a duniya. Wata ƙwayar bakteriya ce mai zama a ƙasa take fitar da ita idan ta sami wurin da babu iska, kamar nama ko kifin da aka adana ba daidai ba. Wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, ya yi rubutu wajen 1820 kan mutanen da suka ci gurɓataccen nama idanunsu suka rufe, haɗiya ta gagara, numfashi ya tsaya, kuma tun a lokacin ya yi hasashen cewa ɗan kaɗan daga gubar zai iya zama magani. A 1895 Emile van Ermengem ya gano ƙwayar bayan wasu makaɗa sun ci naman da ya ɓaci a garin Ellezelles na Beljiyam, uku suka mutu. Ita ce dai ke kwantar da shanun da ke taunar ƙasusuwan mushe a daji, kuma saboda ita ne likitocin yara ke hana ba jariri zuma kafin ya cika shekara, maganar da ya kamata ta isa kunnen kakanni masu lasa wa jinjiri zuma ranar haihuwa.

Likitan ido Alan Scott na San Faransisko ne ya fara tsira ta ga mutane a ƙarshen shekarun 1970 don gyara harara-garke, aka amince da ita a Amurka a 1989. A 2000 Brigitte Schurch ta birnin Zurik ta nuna cewa in aka tsira ta a tsokar mafitsarar masu raunin laka, yoyon fitsarinsu na tsayawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan amfani a 2011, sannan a 2013 ta amince da ita ga masu mafitsara mai gaggawa. Ga ciwon zugin mafitsara kuwa ba ta ba da irin wannan lasisi ba. Likitoci na amfani da ita ne bisa ƙa'idojin ƙungiyoyinsu, ga wanda sauran magunguna suka gaza masa.

Aikinta a bakin jijiya yake. Jijiya na aika saƙo ne ta hanyar fesa sinadarai daga wasu ƙananan jakunkuna, kuma jakar ba ta buɗewa sai da wani furotin mai suna SNAP-25. Gubar ta shiga ta datse wannan furotin. Tsoka ta daina samun umarnin matsewa, shi ya sa goshi ke miƙewa. Daga baya aka gano cewa jijiyoyin da ke kai rahoton zafi ma da irin wannan jaka suke aiki, don haka su ma sukan yi laushi. Jijiyar ba ta mutu ba. A hankali take sake ƙera abin da aka datse, shi ya sa amfanin ke gushewa bayan kamar wata 6 zuwa 9.

Wanda ya ga kwalbar a karon farko zai ce an cuce shi, don kamar babu komai a ciki sai wani ɗan hazo a gindinta. Wannan hazon shi ne awo 100. Likita zai narka shi da mililita 10 na ruwan gishirin asibiti. Mara lafiya na kwance, an riga an tabbatar babu ƙwayar cuta a fitsarinta, an zuba mata maganin kashe zafi a mafitsara ko an sa ta barci. A zura na'ura ta hanyar fitsari, a cika mafitsara da ruwa har bangonta ya bayyana a allo, ruwan hoda da siraran jijiyoyin jini. Wata siririyar allura ta leƙo daga bakin na'urar, ta shiga bangon kimanin milimita 2, a tura rabin mililita, wurin ya ɗan tasa. A matsa gaba a sake, har wuri 20. Likitocin birnin Porto na Fotugal, ƙarƙashin Francisco Cruz, sun fi son wuri 10 kacal a ɗan fili mai kusurwa uku da ke ƙasan mafitsara, inda jijiyoyin jin zafi suka fi cunkushewa. Duka aikin bai cika wuce rabin awa ba, yawanci kuma a ranar ake komawa gida. Sauƙin kan fara bayyana cikin mako biyu.

To, yaya ƙarfin hujjar? Christopher Smith da Michael Chancellor ne suka fara ba da rahoto a 2004, kan mata 13, inda 9 suka ce sun ji sauƙi. Gwajin da aka fi kafa hujja da shi na Hann-Chorng Kuo ne na ƙasar Taiwan, a 2016: mutum 60 da sauran magunguna suka gaza musu, aka yi wa 40 Botox, 20 kuma ruwan gishiri zalla, ba tare da su ko masu duba su sun san wanda ya sami wanne ba. Bayan mako 8, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Botox sun sami sauƙi, a kan kashi 15 na 'yan ruwan gishiri. 'Yan Porto ma sun sami sakamako mai kyau a 2018, amma mata 19 ne kawai. Wani gwaji a Ostareliya a 2014 da aka yi da Dysport, wani samfurin gubar, bai nuna bambanci a jimlar alamun ciwon ba. A ganina wannan hujja ce mai matsakaicin ƙarfi. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin bibiya gajere ne, kuma ko a gwajin da ya fi kyau kusan mutum 4 cikin 10 sun sha allura 20 a banza. Babu kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da aka yi a ƙasar tsargiya. Gubar na sassauta tsoka da jijiya ne, ba ta narka tabo.

Sai kuɗi. A Amurka kwalbar awo 100 tana kai kimanin dala 600. Da canjin 2025 na kusan naira 1,500 a dala, maganar naira 900,000 ake yi, kafin kuɗin na'ura da ɗakin tiyata da mota. Mafi ƙarancin albashin Jihar Kano a lokacin naira 71,000 ne, wato albashin shekara cur bai sayi kwalba ɗaya ba, ga shi kuma kafin shekara ta zagayo ana bukatar wata. Inda kaya ke da tsada haka, jabu na biye. A 2024 hukumomin lafiyar Amurka sun ba da sanarwar mutanen da aka kwantar a asibiti a jihohi da dama bayan an yi musu jabun Botox. In hakan ta faru a can, to kwalbar da wani ya sayo ta Instagram ya ajiye a shagon kwalliya ba abar kusanta da mafitsara ba ce. Ajiyar kuwa ba ita ce babbar matsala ba: sanyin digiri 2 zuwa 8 take so, daidai da alluran rigakafin da firjin sola ke riƙewa a ƙananan asibitocinmu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da kan biyo bayan allurar. Mafitsarar da aka sassauta wani lokaci takan yi sanyi fiye da kima, ta kasa fitar da fitsari. A gwajin da aka yi kafin amincewar 2013, kimanin kashi 6 cikin ɗari sun bukaci robar fitsari, yawanci na kusan wata biyu, kashi 18 kuma sun kamu da sanyin mafitsara na ƙwayar cuta, a kan kashi 6 na waɗanda ba a yi wa ba. Masu ciwon suga sun fi shiga wannan haɗari. Saboda haka ƙa'ida ta ce kada a yi wa kowa allurar sai ya yarda zai iya zura wa kansa roba in ta kama.

A takarda wannan layi ɗaya ne. A gidan Beli kuwa ma'anarsa mace ta wanke hannu da sabulu, ta tsuguna ko ta kishingiɗa, ta laluba mafitar fitsarinta, ta zura siririyar roba, ta jira ya tsiyaye, ta zare ta wanke ta adana a wuri mai tsabta, sau 4 zuwa 6 kowace rana, har da tsakar dare. Jack Lapides na Jami'ar Mishigan ya nuna tun 1972 cewa tsabta ta yau da kullum ta wadatar, ba sai an dafa komai ba, kuma mata da yawa a duniya na yi ba tare da wata wahala ba. Amma ana bukatar ruwa mai kyau, da fitila, da ɗakin da za a rufe, a gidan da banɗaki ɗaya ne na mutum goma sha. Ana bukatar ma'aikaciyar jinya mace da za ta zauna ta koya mata da haƙuri, da maigidan da aka yi wa bayani tun farko don kada ya ga roba ya ɗauka an lalata masa iyali. Ana kuma bukatar jami'in lafiyar garin ya san an yi mata wannan allura, domin in fitsari ya tsaya cak da daddare shi ne zai zura robar, ba likitan da ke Kano ba.

Shi ma mai kyamis dole ya sani. Jenta da danginta na ƙara wa gubar ƙarfi, takardar maganin ma ta yi gargaɗin kada a haɗa su. Macen da ta dawo daga allura ta ji ɗan zafin fitsari, aka yi mata jenta kamar yadda aka saba, an jefa ta cikin haɗarin da babu wanda ya nufa. Ba a yin allurar ga mai sanyin ƙwayar cuta da bai warke ba, ana guje mata ga mai juna biyu da mai cutar raunin tsoka, ba a kuma maimaita ta kafin mako 12. In bayan an yi ta mutum ya ji haɗiya na yi masa wuya, ko ido na rufewa, ko numfashi na sarƙewa, asibiti za a nufa a daren.

Wadda ke fama da wannan zugi yau tana da abin da za ta iya farawa kafin a haɗa kuɗin mota. Ta sami robar ruwa da aka yanke mai alamar awo, da takarda. Kwana uku a jere, duk fitsarin da ta yi a rubuta lokacinsa da yawansa, da abin da ta ci ko ta sha kafin zugin ya tashi, da ko ya lafa bayan ta kewaya; in ba ta rubutu, 'yarta 'yar makaranta ta rubuta mata. Ta tattara kwalaye da ledojin duk magungunan da ta sha. Idan ta shiga wurin likita kuma, ko bai tambaya ba, ta gaya masa rafin da ta yi wanka da wanki a ciki tana yarinya, da ko ta taɓa ganin jini a fitsarinta.